Wutar Suyata da Tauraron Mushe Najib

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Yau ku bar ni in amayar da abin da ke cikina, don ya fi ƙarfin in haɗiye. Wanda bai san ni ba, sunana Lubabatu, Luba ake ce min, 'yar Malam Laminu ta nan Dungas. Sana'ar gidanmu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma tun da hayaƙi ya fara taɓa wa Inna ƙirji ni kaɗai ke zama gaban murhu. Saurayina Mushe Najib ne (a wajenmu malamin boko ake ce wa Mushe), malamin fizik, wato kimiyya, da aka turo kolejin garinmu daga Damagaram da aka koma lakwal, wato makaranta, bana. Yana haya a gidan da ke bayan namu ta yamma. Manyansa sun riga sun kawo goron tambaya, saura a sa rana. To, a ranar da zan ba ku labarinta, saura ƙiris goron nan ya koma inda ya fito.

Da hantsi ne, jajibirin kasuwar Mallawa. Ina zaune a tsakar gida da zanen aikina duk maiƙo, ina mulmula tunkuza, sai ga Gwaggo Turai, yayar Baba, ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu. Mayafinta a hannu, ɗankwali ya karkace.

"Ina Laminu? A kira min Laminu!"

Inna ta jawo tabarma. "Lafiya, Yaya? Ki zauna mana ki sha ruwa."

"Zama bai kama ni ba, Kande."

Baba ya fito daga ɗaki da carbi a hannu. Gwaggo ta nuna ni da yatsa kamar ni na yi laifin.

"Yaron nan da kuke ta yi wa shimfiɗa, ɗan lakwal ɗin nan, leƙen 'yarku yake a makewayi. Har hoto yake ɗauka!"

Tunkuzar da ke hannuna ta faɗi ƙasa. Wallahi ban san lokacin da na sake ta ba.

Ku da kuke manyan birane watakila ba za ku ji nauyin maganar ba. Makewayinmu ba shi da rufi, katanga ce kawai da sararin Allah. Shi ya sa a unguwarmu namiji ba ya taka tsani, ko yaɓen soro zai yi, ko shanyar gero, sai ya ɗaga murya ya ce, "A yi sutura, za a hau sama!" Matan maƙwabta su ji, mai wanka ta gaggauta, mai ɗaurin ƙirji ta ja mayafi. Wanda duk ya hau soro shiru, to da wata a ƙasa.

"Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba," in ji Gwaggo. "Daga tsakar gidana nake hango shi. Ana idar da magariba sai ya haye shiru kamar kyanwa, ya kafa wani farin bututu mai ƙafafu, ya manna salula, wayar hannun nan, a gindinsa, ya saita bakin nan gidan. Na ce bari in bi sawu. Jiya na zo na tsaya a zaurenku. Ina ganin Luba ta ɗauki bokiti ta nufi makewayi, na ruga gida na ɗaga kai, ga shi can tsugune yana latsa salula. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya!"

Baba bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Ya dube ni ya ce, "Lubabatu, kin san da wannan?"

"Baba, na san yana da abin duba taurari. Ya taɓa faɗa min."

"Taurari a makewayi suke?" Gwaggo ta tafa hannu.

"A aika masa," in ji Baba. "Bayan la'asar ina son ganinsa a zaure. In maganar nan ta tabbata, goronsu zai koma yau, gobe kuma da ƙafata zan je wurin direktansu."

Na shige ɗaki na ja ƙyaure. Na buɗe wasap ɗinmu ina neman abin da zan kare shi da shi, sai na tarar da abin da ya ƙara kashe min jiki. Duk ranar da zai zo zance, saƙo ɗaya yake turowa dab da magariba: "Luba, ki shirya, ina nan tafe." Ni kuwa da na gani sai in janye itace daga murhu, in yi salla, in ɗauki bokiti. Wato shi da kansa yake aika ni wanka, sannan ya hau soro. Innalillahi! Na tuna yadda nake sakewa a makewayin nan har da 'yar waƙata, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi kuka mai isata, sannan na rubuta masa.

"Mushe, me kake ɗauka a kan soro?"

Nan da nan ya amsa. "Mushtari. Lafiya?"

"Wace ce Mushtari?"

Ya turo fuskar dariya. Ni kuwa dariya ba ta gabana. Na yi masa bokal, saƙon murya, na zayyana masa komai. Ya saurara, sai ga saƙo: "Subhanallah. Luba, ban san ana shela kafin a hau ba, wallahi ban sani ba. Zan zo da ordinatair ɗina, Baba ya gani da idonsa."

Bayan la'asar ya iso, cikin farar shadda da hula zanna, amma fuskar nan ta yi zuru-zuru. Ni ina laɓe bayan asabarin zaure ina leƙe. Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya amsa a daƙile. Gwaggo ko kallonsa ba ta yi ba.

"Baba, ku gafarce ni, na hau sama ban yi shela ba. Wannan laifina ne. Amma abin da nake ɗauka tauraro ne, ana ce masa Mushtari. Ga na jiya."

Ya buɗe ordinatair, wato kwamfuta, ya kunna bidiyon. Jama'a, da ma bai kunna ba. Baƙin allo ne, a tsakiya wani abu mai zagaye, ja-ja fari-fari, yana motsi, yana kumbura yana motsewa, gefensa yana narkewa. Ba ka ce ga abin da yake ba.

Gwaggo ta miƙe tsaye. "La'ilaha illallahu! Laminu, ka gani? Wannan ai kafaɗar mutum ce cikin tururin ruwan zafi! Ga ta nan tana cuɗawa!"

Ni kaina na ƙura ido. Na taɓa kafaɗata ban sani ba.

"A'a, Gwaggo, iska ce," in ji Mushe, gumi yana tsatstsafo masa. "Iskar da ke tsakaninmu da tauraron ba ta zama wuri ɗaya. Ƙasa da katangu sun sha rana, da yamma sai su riƙa fitar da zafi, zafin yana tashi, hoton ya yi ta rawa. Kamar kawalwalniya a kan hanya da tsakar rana. Shi ya sa ba a ɗaukar hoto ɗaya. Bidiyo ake yi, hotuna dubbai a jere, sai ordinatair ya tsince waɗanda iska ta ɗan lafa a cikinsu, ya haɗa su wuri guda. Kamar tsintar gyaɗa ne, a zubar da ruɓaɓɓu a tara masu kyau. Ga abin da yake fitowa."

Ya nuna wani hoton, ƙwallo mai ratsi-ratsi, tsaf da shi.

"Wannan ai ko jikana zai sauko da shi daga intanet," in ji Gwaggo. "A nuna mana kafaɗa, sannan a nuna mana kankana a ce abu ɗaya ne?"

Baba ya ɗaga mata hannu. "Tambaya ɗaya gare ni, Mushe. Don me sai lokacin da 'yata take wanka?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, lokacin ne kaɗai nake samunsa. Ta gabas yake fitowa, ta saman gidanku. Da ya ɗan ɗaga sai ya shige cikin tsamiyar gidan da nake haya, shi ke nan na rasa shi."

Baba ya ja carbinsa. Can ya ce, "Gani ya kori ji. Yau ana idar da magariba zan hau soron nan, in sa idona inda kake sa naka. In na ga tauraro, to. In na ga abin da ke cikin akwatin nan, ka san sauran."

Gwaggo ta ce ko goya ta za a yi sai ta hau, duk da ciwon gwiwarta.

Ni dai aiki bai ƙyale ni ba, don 'yan sarin Najeriya suna jiran kaya a Mallawa da safe. Na hura babban murhu, na ɗora kasko, na ci gaba da suya ina addu'a a zuci. Magariba ta yi, Inna ta tsare min kaskon na yi salla a gurguje na dawo. Sai na ji muryar Baba ta karaɗe unguwa, da gayya ya ja ta, don mai koyo ya koya: "A yi sutura, za a hau sama!"

Daga inda nake zaune ina hango kawunansu a kan soron, su uku, da farin bututun nan ya miƙo baki ta saman katangarmu. Baba ya sunkuya, ya ɗago. Ya sake sunkuyawa, ya ɗago yana girgiza kai. Sai salulata ta yi ƙara a kan turmi.

"Kashe wutar, Luba. Yanzu-yanzu, don girman Allah."

"Wace wuta?"

"Ta suya. Zafinta ne ke tashi daidai gaban tauraron. Baba ya ce ba ya ganin komai sai ƙwai da aka fasa a ruwa, yana shirin sauka."

Ban tsaya tunani ba. Na fizge itatuwan ɗaya bayan ɗaya, na sauke kasko da ƙyar, na sheƙa wa garwashin ruwan buta.

"Ke Luba, kin haukace?" Inna ta taso. "Kasko cike da ƙuli bai soyu ba! Duk zai sha mai ya lalace!"

"Inna, bari ya lalace."

Tururi ya tashi ya baje. Na tsaya riƙe da buta, idona a kan soro. Mushe yana ta ba Baba haƙuri da hannu, alamar a ɗan jira. Aka jira. Ni kam na ji kamar an shekara. Baba ya sake sunkuyawa, wannan karon bai ɗago da wuri ba. Sai muka ji, har cikin gidanmu:

"Subhanallahi! Allahu Akbar! Yaya, zo ki ga ikon Allah!"

Inna ta zauna daɓas tana hamdala. Ni ma na buɗe baki zan yi, sai wani tunani ya faɗo min.

Yaushe ya san wutata ce ke ɓata masa hoto? A zaure ya lissafa ƙasa, ya lissafa katangu, bai ambaci murhu ba. Amma da tura ta kai bango, ko lalube bai yi ba, kai tsaye ya ce in kashe wuta. Wannan ba sanin yau ba ne.

Na sake buɗe wasap ɗin nan, na yi ta ja har farkonsa. "Luba, ki shirya, ina nan tafe." Me nake fara yi in na ga saƙon? Janye itace. Ya kan iso yaushe? Sai na gama wanka, na shafa humra, na sa kwalli, na zauna har na fara gajiya. Ni da nake yi wa ƙawayena alfahari, nawa mai haƙuri ne, ba ya taɓa gaggauta ni! Sai na zo kan makon da injin niƙa ya lalace, makon da ba mu hura babban murhu ba ko sau ɗaya. Na duba, na sake dubawa. Babu "ki shirya" ko guda. Abin da ke wurin, "Ki yi haƙuri, ina gyaran takardun yara."

Ashe ba wanka yake aika ni ba. Kashe wuta yake aika ni.

Ina tsaye kamar an dasa ni, Baba ya ƙwala kira daga sama, wai ni da Inna mu zo mu gani. Na yafa mayafi a kan zanen aikina, ko hannu ban wanke ba. Inna ta ce ita tsani ya fi ƙarfinta, in gano mata.

Na tarar da Baba yana fara'a har kunne. "Na juya abin nan da hannuna zuwa gidana," yake ce wa Gwaggo, "ban ga komai ba sai duhun katanga. Makewayin ma ba a hango shi daga nan. Kin ɗauki alhakin yaro."

"To ai ni abin da na gani na faɗa," in ji Gwaggo. Ta ɗan sassauta murya. "Ka yafe ni, ɗan nan. Matso min da shi in ƙara gani, waɗancan 'yan ƙananan na gefensa 'ya'yansa ne?"

"Watanninsa ne, Gwaggo."

"Luba, zo ki sa ido," in ji Baba.

Na sunkuya. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin yana da kyau. Ƙwallo mai haske a tsaye cikin baƙin sarari, da ratsi biyu a cikinsa kamar an ja da lalle, ga 'yan ɗigon haske sun jeru a gefe. Lokaci-lokaci sai ya ɗan girgiza, ya sake tsayawa. Na ji tsigar jikina ta tashi. Na kuma ji haushinsa, irin haushin da ban taɓa ji wa abin da ba ya numfashi ba.

Baba da Gwaggo suka koma gardamar wa zai sake dubawa. Na matsa gefen soro, Mushe ya biyo ni yana murmushin wanda ya tsallake rijiya da baya.

"Kin cece ni, Luba."

Na rage murya. "Mushe, tambaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni gaskiya. Ranar farko da ka zo ƙofar gidanmu, ni ka zo nema ko wutata?"

Murmushin ya ɗauke. Na so ya yi min ƙarya, wallahi na so. Da ya rantse da na yarda.

"Ranar farko," ya ce a hankali, "wutar ce. Na zo in roƙi Baba ko za a riƙa jinkirta suya, sai na ji nauyi. Baƙo ya zo garin mutane ya ce su tsayar da sana'arsu saboda tauraro? Muna cikin gaisawa kika kawo ruwa. Washegari na nemi lambarki na ce zan zo, sai na lura kin kashe wutar."

"Sai ka ga hanya ta samu."

"Luba, daga baya ke ce. Na rantse da Allah daga baya ke ce. Ai ba don murhu zan turo manyana ba."

"Makon da inji ya lalace fa?"

Ya dubi ƙafarsa.

Daidai nan Baba ya juyo yana gyara hula. "Mushe, ka faɗa wa manyanka su zo ranar Juma'a a sa rana. Yaron da ke kallon ikon Allah haka ba zai cuci 'yata ba."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa a kan soron mutane. Ni kuwa na sauka tsanin nan ban san yadda ƙafata ta kai ƙasa ba.

Da na koma ɗaki, abin da ya fara zo min shi ne in riƙa hura wuta kullum har isha'i, in ga ko zai zo. Sai na ce, ke Luba, ba ki da wayo. In wuta tana ci, me ya rasa don ya zo? Ai tauraron ya riga ya lalace masa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na ɗauki salula na rubuta:

"Gobe ba zan hura wuta ba ko kaɗan. Ana idar da magariba zan kasance a shirye, babu jiran wanka. In ni ce, ka taho daga masallaci kai tsaye."

"In sha Allah, Luba. Za ki gani."

Washegari tun la'asar na yi wankana. Na ɗauko lafayata ruwan zuma wadda nake ajiya don salla, na turara ta, na sa 'yan kunnen da Inna ta ba ni, na ja kwalli har sau biyu. Murhu na share shi tas, ko toka babu. Inna tana kallona, ba ta tambaye ni komai ba, amma uwa ce, ta san akwai magana.

Aka kira salla, aka idar. Na shimfiɗa tabarma kusa da ƙofar zaure na zauna. Yammacin nan ko ganye ba ya motsi. Na ɗaga kai na ga taurarin farko sun fito, ba sa ko ƙyafta ido. Jiya a kan soro na ji yana gaya wa Baba cewa in taurari suka tsaya cak haka, iska ta kwanta ke nan, kuma mutum ya kan yi watanni bai dace da irin wannan ba. Ga nasa can ya ɓullo ta gabas, ta saman ɗakin Inna, fes da shi.

Na ji takun masu dawowa daga masallaci. Na gyara lafaya, na kasa kunne ina jiran sallamarsa. Takun suka wuce ɗaya bayan ɗaya.

Sai muryarsa ta taso, amma ba daga zaure ba. Daga bayan katanga ta fito, da ƙarfi, tsaf yadda Baba ya koya masa, har ƙarshen unguwa an ji:

"A yi sutura, za a hau sama!"

Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni. Salulata ta yi ƙara a cinyata.

"Ɗan lokaci kaɗan, Luba, don Allah. Iska ba ta taɓa kwanciya haka ba."

Na karanta, na kife salular a kan tabarma. Na miƙe da lafayata da turarena da komai, na je bayan ɗaki na rungumo itace iya ƙarfina, na zube a murhu.

"Luba, ai babu tunkuza yau," in ji Inna a hankali. "Me za ki soya?"

"Ba komai, Inna," na ce. "Miƙo min ashana."